Akwatin Faya-fayan Yayana

Jikata ce ta tono mini wannan abu, ba da saninta ba. Ta dawo daga wani taron kiɗa da aka yi a bakin teku, ta zauna kusa da ni tana nuna mini a wayarta: fitilu ko'ina, maza da mata tsaitsaye babu mai ɓoye fuska, wani baƙin mutum daga Amirka yana waƙa yana durƙusawa kamar mai ciwon ciki, masu busa ƙaho uku a bayansa suna amsa masa. Ta ce mini da Larabci, don Hausarta ta ji ce ba ta faɗa ba, wai wannan sabon abu ne a Jidda, mu a zamaninmu ba mu san shi ba. Na ce mata haka ne. Na miƙa mata wayarta, na ce idona ya gaji.

Unguwar da aka haife ni babu ita yanzu. An share ta, ta zama fili, ko ni da na yi rarrafe a cikinta ba zan iya nuna inda ƙofarmu take ba. Yau ina zaune a hawa na uku a Aziziyya, taga a rufe, babu abin da ke shiga kunnena sai gurnanin na'urar sanyaya ɗaki. Can kuwa gidajen kwano ne da katakon akwatuna, kudu da gari, bango ba ya tare komai. Tun asuba za ka ji kukan jakunan masu ruwa, da ƙarar gwangwanayensu, da jiniyar jiragen ruwa daga mina, wato tashar da iyayenmu maza suke dako. In rana ta ɗaga sai turame su ɗauka. Innarmu tana soya gyaɗa a yashi, ni ina ƙulla ta a takarda, mu kai bakin hanya. Da yamma iskar teku ta taso da danshinta, wanki ya ƙi bushewa, maza su fito da ganguna in akwai biki. Hausa muke ji a cikin gida, Larabci a waje, mu yara muna haɗa su yadda suka zo mana a baki.

Baba da Inna a ƙasa suka tako, ta Sudan, shekara bakwai suna hanya, suna noma a gonakin mutane suna ƙara gaba. A Jidda suka haife mu, ni da Yaya, shekara biyar tsakaninmu. Lokacin da ake rubuta mutane ana ba su takardun zama, maƙwabta suka yi ta zuwa, Baba ya ƙi. Ya ce shi baƙo ne, aikin hajji ya kawo shi, gida zai koma, me zai yi da takardar ƙasar wasu. Ya yi ta faɗin haka har furfura ta rufe shi, aka binne shi a nan. Mu kuma muka tashi ba mu da takardar nan, ba mu da ta can.

Yaya dogo ne, mara yawan magana, yana karkatar da kai in yana sauraro. Muryarsa ba ta waƙa ba ce ko kaɗan, shi da kansa yana cewa ta fi kama da ƙofar kwano. Amma kunne Allah ya ba shi. Tun yana yaro yakan tsaya ya ce wa Inna taɓaryarta da ta maƙwabciya ba sa faɗuwa daidai, ta jinkirta kaɗan. Inna ta kore shi da muciya. Da ya isa dako ya bi Baba mina, kuma a can abin ya same shi. Suna sauke buhunan shinkafa daga wani jirgi, sai ya ji kiɗa yana fitowa daga ɗakin girki. Ya tsaya da buhu a kafaɗa har shugaban aiki ya yi masa tsawa. Kukun jirgin baƙar fata ne, mutumin Amirka, ba su da harshe ɗaya, amma da ya ga yadda Yaya ya tsaya sai ya kira shi da hannu. Ranar da jirgin zai tashi ya ba shi faifai uku, ya ce masa sunan kiɗan sol.

Ya aro garmaho wurin wani mai kanti, ya kunna mana a tsakar gida. Inna ta ajiye gyaɗarta ta saurara, sannan ta tambaya wa ya mutu wa wannan bawan Allah.

Yaya ya ce, "Inna, su ma ƙetaro da su aka yi, ba su koma ba."

Daga nan ba mu sake gane kansa ba. Ya yi jita da gwangwanin man zaitun da wayar birki kafin ya samu ta gaske. Ya haɗu da wani Bahaushen Sudan, tela ne da rana, yana da ƙahon turawa mai lanƙwasa da ya zo da shi daga ƙetaren teku, shi ya koya masa yadda ake jera sauti. Sannu a hankali suka zama su bakwai, duk 'yan dako da masu sana'ar hannu, suna ce masa Rayyis, wato shugaba. Shi ba ya tsayawa a gaba. Gefe yake tsayawa da jita mai kaurin murya, da gira kawai yake juya su. Abin da ya yi wanda ba a taɓa ji ba shi ne ya ɗauki gangunan unguwarmu, waɗanda kakanni suka zo da salonsu, ya shimfiɗa su a ƙarƙashin ƙahon da jitar, ya sa mawaƙi ya ja murya da Larabci ko da Hausa irin jan mutumin cikin faifan. Aka fara kiransu bukukuwa, daga unguwarmu har gidajen attajirai, har gidajen ma'aikatan kamfanonin waje masu katanga. Ni ce mai wankin fararen rigunansu bakwai. In sa bula, in goge da dutsen guga na gawayi, ina hura shi hayaƙi yana shiga idona. In Yaya ya ga tabo a rigar mutum, ko shi ne gwanin cikinsu, ranar ba zai hau dandali ba. Ina yi ina mita, amma in sun jeru za su fita sai in leƙa ta ramin kwano ina jin kamar ni na haife su.

Baba bai taɓa zuwa ya ji ba. Ya ce bai tako ƙasa shekara bakwai don ya haifi makaɗi a ƙofar Makka ba. Bai kore shi ba, bai zage shi ba, sai dai ya daina cin abinci kwano ɗaya da shi, kuma haka suka zauna har ya rasu.

Da gari ya buɗe, kuɗin mai ya shigo, aka fara gina masana'antu can kudu, wani ɗan kasuwa mai son kiɗa ya ba Yaya lungu a cikin sitonsa. Ya lulluɓe bangon da tsofaffin katifu da buhunan algarara, ya sayi na'urar naɗar murya wurin wani bature da zai koma ƙasarsu, irin mai manyan faya-fayan zare guda biyu masu juyawa. A nan ya samu aikin da ya fi so. Mawaƙa suka riƙa zuwa masa, 'yan Sudan, 'yan Yaman, 'ya'yan unguwarmu, wasu ko sunansu ba a sani ba. Ya saurari mutum sau ɗaya, ya ce masa wannan baitin ya yi yawa, a nan za ka yi shiru ƙaho ya yi maganar. Mutum ya shiga da 'yar waƙarsa ta bakin hanya, ya fito da abin da shi kansa bai san yana da shi ba. Daga manyan faya-fayan ake kwafa a kaset, direbobin tasi su saya, alhazai su tafi da shi. Babu sunansa a jikin ko ɗaya. Mutumin da ba shi da iƙama, wato takardar zama, ba shi da kafili mai tsaya masa, ba ya son sunansa ya yi yawo. Burinsa ɗaya ne, ya je Alƙahira a buga masa faifai na gaske, da sunansa a rubuce. Amma wanda ba shi da fasfo, ko jirgin da yake sauke wa kaya ba zai hau ba.

Ni a lokacin na yi aure. Mijina direban babbar mota ne a wani kamfani, yana da takardunsa, ta dalilinsa na samu nawa. Mutum ne mai sanyin hali, bai taɓa ɗaga mini murya ba, sai dai akwai shi da tsoron abin da mutane za su ce.

Bayan rasuwar Inna da 'yan watanni, wata hantsi Yaya ya shigo gidana ina daka. Ban ji sallamarsa ba. Ina rera waƙar da Inna take yi in tana aiki, wadda ta ƙirƙira da kanta, tana jero garuruwan da suka ratsa a hanya da abin da ta bari a kowane: a nan ta bar awakinta, a nan ta bar ƙanwarta, a nan ta binne ɗanta na fari. Da na ɗaga kai sai na gan shi tsaye, kai a karkace. Ya ce in sake daga farko. Na ce ba na yi. Ya zauna a kan wani turmi da ke kife ya ce to shi ma ba ya tafiya.

Sai da ya yi wata guda yana bin mijina kafin ya yarda, da sharaɗin babu wanda zai ji a waje. Wata Juma'a bayan la'asar suka kai ni siton. Yaya ya rataya labule tsakanina da makaɗan, ya tsayar da ni gaban abin magana. Zafi kamar tanderu, don an kashe fanka kada ƙararta ta shiga. Na fara, murya tana rawa. Ya tsayar. Na sake, na ɗaga murya irin ta matan biki. Ya sake tsayarwa. Haka muka yi ta yi har na fara kuka don haushi, na ce a mayar da ni gida. Sai ya zagayo bayan labulen, ya rage murya.

"Ba taro kike yi wa ba, ƙanwata. Daka kike yi, Inna tana zaune a bakin ƙofa tana tsince gyaɗa. Yalla, yi mata."

Na rufe ido na yi. Na ji ganga ta shigo a hankali daidai faɗuwar taɓarya, na ji jitarsa tana tafiya a ƙasa kamar sawun mutum a yashi. Da na zo kan yaron da aka binne, muryata ta karye, sai ƙahon telan nan ya ɗauka daga inda na tsaya. Da muka gama, Yaya ya mayar da zaren baya ya kunna. Ban taɓa jin muryata daga waje ba. Na ji wata mata tana waƙa, muryarta irin ta Inna, na rasa inda zan sa kaina. Mijina yana zaune kan buhu yana share ido da gefen rawaninsa. Yaya ya cire faifan, ya yi rubutu a jikinsa, ya ce wannan ba na kaset ba ne, shi ne zai fara bugawa ranar da ya je Alƙahira. A duk rayuwata ban san wata rana da ta kai wannan yammacin ba.

Ba a daɗe ba gari ya sauya. Ban san yadda zan kwatanta wa 'yan yanzu ba, don babu wanda ya zo ya ce daga yau an hana. Kawai sai aka ga masu biki sun daina kira. Masu kanti suka mayar da kaset ƙarƙashin tebur. Mutanen da suka yi rawa a gabansu jiya suka riƙa sauya hanya in sun hango su. Mai gangarsu ya fasa gangarsa da hannunsa, ya daina amsa sallamar Yaya. Telan ya naɗe ƙahonsa a zane ya koma Sudan. Ɗan kasuwan ya ce yana bukatar lungunsa, halas, magana ta ƙare. Yaya ya sayar da na'urar, ya koma gyaran rediyo a wata 'yar rumfa. Faya-fayan kuwa, aikin shekara da shekaru, ya jera su a akwatin ƙarfe ya kawo gidana, don ɗakinsa yana yoyo.

Wata safiya ya fita sayen burodi aka tare hanya ana duba takardu. Ya yi musu bayani da Larabcin da ya fi nasu zama na Jidda, ya faɗi unguwar da aka haife shi da maƙabartar da iyayensa suke. Aka ce takarda ake tambaya. Mijina ya yi iya yawonsa, bai samu komai ba. Na samu ganinsa sau ɗaya a inda ake tsare masu jiran jirgi, ta bayan waya, ga hayaniya. Ya rame. Ya yi mini dariya ya ce ga shi zai cika wa Baba burinsa, zai koma gida. Sannan ya matso.

"Akwatin nan, ki riƙe mini. Kada ya sha rana, kada ya sha danshi. In na zauna zan aiko a karɓa."

Na ce to.

Abin da ya biyo baya ban taɓa faɗa wa 'ya'yana ba. Bayan tafiyarsa tsoro ya shiga gidanmu. Ana ta raɗe-raɗin za a bi gida-gida, ban san ko gaskiya ne ba. Wata maƙwabciya ta ce mini, tana murmushi, wai ta ji an ce har da muryar matar aure a cikin kayan Rayyis. Mijina ya daina barci. Bai ce in yi komai ba, abin da ya ce kawai shi ne yana da 'ya'ya huɗu da aiki ɗaya, in san yadda zan yi. Ranar da ya tafi da mota Madina, na jawo akwatin na buɗe. Niyyata in cire nawa kaɗai. Amma faya-fayan duk iri ɗaya ne, rubutun da ke jikinsu kuma da haruffan turawa ya yi shi, waɗanda ya koya a jikin akwatunan mina. Ni ko na Larabci ban iya ba. Babu na'urar da zan saurara. In kai wa wani ya karanta mini, na tona wa kaina asiri. Na zauna da su a gabana tun hantsi har azahar, ina ɗauka ina ajiyewa.

Sannan na hura wuta a murhun wanki. Na ce zan sa guda ɗaya da nake zato shi ne. Da ya narke sai na ce in ba shi ba ne fa? Na sa na biyu. Zaren yana nannaɗewa yana baƙin hayaƙi mai wari, yana kama maƙogwaro. Ban san lokacin da na daina zaɓe ba. Kafin la'asar akwatin ya zama wayam. Na ɗora tukunya a kai na yi wankin yara, don kada maƙwabta su tambayi dalilin hayaƙin. Babu wanda ya taɓa zuwa bincike gidanmu, ba a wannan shekarar ba, ba a wata ba.

Da hajji ya zagayo wani alhaji ya kawo mini kaset, don a lokacin haka muke aika wasiƙa. Muryar Yaya ce. Yana Kano. Ya ce ana yi wa Hausarsa dariya, yara suna ce masa Balarabe, ya nemi garin su Baba ya samu babu wanda ya tuna da su. Ya ce sanyin can yana shiga masa ƙashi, yana kewar warin teku. Amma ya haɗu da wani mai ɗakin naɗar murya, kuma yanzu yana da fasfo, abin da ya rage kawai in ba alhajin nan akwatin. Na sa ɗana ya danna mini rikoda, na ce Yaya akwati yana nan lafiya, sai dai kayan alhajin sun yi yawa, sai baɗi. Baɗi na ce ana tsananta bincike a filin jirgi. Wata shekarar na ce ban yarda da mutumin da ya aiko ba. Kowace shekara ina cewa bana zan faɗa masa, in na ji muryarsa yana tambaya ko ina sa akwatin a inuwa, sai harshena ya ƙi. Bai taɓa yi mini faɗa ba. Cewa yake na fi shi sanin halin da ake ciki, in yi a hankali. Shekara tara muna haka, sai kaset ya daina zuwa.

Wata mata ce ta kawo mini labarin, maƙwabciyarsa, ta zo hajji ta yi ta tambaya har ta samo gidana. Ta ce ciwon ƙirji ne, bai daɗe yana jinya ba. Ta ce mutumin kirki ne, yana gyaran rediyo a bakin kasuwa, bai yi aure ba. Duk shekara in alhazai sun fara dawowa sai ya rufe rumfa ya tafi filin jirgi ya tsaya, har mutane suka saba, suna tsokanarsa ko kayan sun iso. Na tambaye ta ko ya sake yin kiɗa a can. Ta ce a'a. Ta ce mai ɗakin naɗar muryar ya yi ta binsa su tara samari su kafa sabuwar ƙungiya, har kayan kiɗa ya yi alkawarin saya. Yaya ya ce a dakata tukuna, in ya yi musu bayani da baki ba za su gane ba, bari aikinsa ya iso su ji da kunnensu, sannan a fara.

Sai ta ce kafin ya rasu ya roƙe ta, in Allah ya kawo ta, ta karɓi akwatin ta kai wa mai ɗakin naɗar muryar nan, ko bayan ransa a buga na ƙanwarsa.

A nan na faɗa mata. Ita ce mutum ta farko da na faɗa wa, baƙuwar da ban taɓa gani ba. Na faɗa mata har da tukunyar wankin. Ta juya kofin shayi a hannunta, can ta ce Allah ya sa haka ya fi alheri, gara da bai sani ba.

Da na faɗa wa Yaya tun a kaset na farko, da ya yi fushi, wataƙila ya yi shekara bai aiko mini ba, wataƙila ma har abada. Amma da ya tara samarin nan. Shekarunsa arba'in da 'yan kai a lokacin, kunnensa garau, hannunsa da ƙarfi. Wutar da na hura ta cinye abin da ya riga ya yi ne kawai. Sauran, wanda bai kai ga yi ba, da bakina na hana shi, shekara tara, ina ce masa sai baɗi.

Matar ta tashi za ta tafi, na raka ta har bakin titi. Ta riƙe hannuna ta tambaye ni me za ta ce wa mutumin can in ta koma, don shi ma yana jira.

Na ce ta gaya masa ya daina.